FASHIN BAƘI: Idan malamar kurame ta tafi hutun haihuwa a Kaduna, wa zai riƙe ajin?

A shekarar 2019 gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙara wa ma'aikatan jihar Kaduna mata hutun haihuwa zuwa wata shida. Matakin ya sha yabo, kuma ya cancanci yabon, domin ya bai wa uwa daidai tsawon lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa jariri na buƙata yana shan nonon uwa zalla. Sai dai akwai rukunin ma'aikata da wannan haƙƙi ke zo musu tare da fargaba, wato malamai mata masu koyar da yara kurame da yi musu jagora.

A mafi yawan ofisoshi, idan ma'aikaciya ta tafi hutu, sai a miƙa fayilolinta ga na teburin kusa. Ajin kurame ba ya karɓar irin wannan miƙa aiki. Duk wanda zai tsaya a gurbin malamar dole ya iya maganar hannu, ya iya ta har matakin koyar da lissafi da kimiyya, masu wannan ƙwarewa kuwa ƙalilan ne. Sai a wayi gari mace ɗaya tana tauna taura biyu: tana shirin tarbar jariri, tana kuma tunanin yaran da za ta bari babu mai fahimtar su.

Wannan fashin baƙi ya duba abin da doka ta tanada, da dalilin da ya sa gurbin ke da wuyar cikewa, da kuma wanda nauyin ya rataya a wuyansa.

Me doka ta bai wa mai juna biyu?

Amsar ta danganta da wanda ke biyan malamar albashi.

Malamar da ke cikin ma'aikatan gwamnatin jihar Kaduna tana da wata shida. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da aƙalla mako 16, kuma a shekarar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza da aka yi wa haihuwa. A matakin duniya, yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sanya mako 14 a matsayin mafi ƙaranci.

Malamar makaranta mai zaman kanta, ko ta wata ƙungiyar agaji, ta dogara ne da takardar ɗaukar aikinta da kuma Dokar Ƙwadago ta ƙasa. Sashe na 54 na dokar ya bai wa mace damar barin aiki mako shida kafin haihuwa idan ta kawo shaidar likita, ya kuma hana a sa ta aiki a mako shida na bayan haihuwa. Idan ta yi wata shida ko fiye a wurin aikin, dole a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Bayan ta dawo, tana da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Amma sashen ya sauke wa mai aiki nauyin biyan kuɗin asibiti na ciki da haihuwa.

Akwai kuma wata ƙofar da dokar ta bari a buɗe. Ma'anar da ta bai wa kalmar "ma'aikaci" ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, abin da ke bai wa mai makaranta damar jayayya cewa malami ba ya cikin waɗanda sashen ya rufa wa asiri. Shi ya sa abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki yake da muhimmanci matuƙa. Malamar da ƙungiyar iyayen yara ke biya, ko mai aikin sa-kai da ake ba ɗan alawus, ita ce mafi rauni a wannan tsari, domin galibi babu wata takarda a hannunta. Idan ta tafi haihuwa, kuɗin na iya tsayawa, kujerar ma tana iya samun wani.

Me ya sa gurbin ke da wuyar cikewa?

Maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawunsa, ba nuni da yatsa ba ne kawai. Ana gina jimla da siffar hannu, da wurin da aka ɗora shi, da motsinsa, da yanayin fuska. Ɗaga gira kaɗai na iya mayar da zance tambaya. Wanda ya yi bitar mako biyu zai iya gaisuwa da rubuta suna da yatsu, amma ba zai iya bayyana wa yaro yadda ake raba lamba mai ɗigo ba.

A arewacin Najeriya kuma lamarin ya ninku, domin harsuna biyu ne ke haɗuwa a aji ɗaya. Wanda ake koyarwa da shi a makarantu ya samo asali ne daga maganar hannu ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani Baƙar fatar Amurka kurma, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A gefe guda akwai maganar hannu ta Hausa, wadda kurame ke yi a kasuwanni da majalisu tun kafin zuwan boko, wadda kuma Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa littafi a shekarar 2000. Yaron da ya taso a Rigasa ko Hayin Banki kan zo makaranta da wannan ta gida, ko da wasu alamomi da shi da mahaifiyarsa kaɗai suka sani. Malamar da ta daɗe da shi ita ce gadar da ke tsakanin abin da ya zo da shi da abin da ke cikin littafi.

Wuraren horar da irin waɗannan malamai ba su da yawa. Wadda ta fi shahara ita ce Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, sai sassan ilimin masu buƙata ta musamman a jami'o'i irin su Ibadan da Jos da Bayero ta Kano. Ko a cikin waɗanda suka kammala, ba kowa ne ya karanci ɓangaren kurame ba. Wasu na makafi suka yi, wasu na masu jinkirin fahimta.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a makarantun musamman malami ɗaya zai riƙe ɗalibai 10. Dalilin a fili yake: dole kowane yaro ya ga hannun malama da fuskarta, ita ma ta ga nasa. Saboda haka dabarar da aka saba da ita idan malami ba ya nan, wato a haɗe aji biyu, tana da tsada a nan. Yaron da ke ji zai iya tsintar darasi daga kujerar baya. Kurman da kan wani ya tare masa hannun malama ya fita daga darasin gaba ɗaya.

Aikin da ba ya cikin jadawalin darasi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 a duniya na fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma kaɗan ne daga cikin iyayen ke koyon maganar hannu sosai. Sakamakon haka, yaro kan kai shekara bakwai ko takwas bai mallaki cikakken harshe ko ɗaya ba. A wurin irin wannan yaro, malama ce mutum na farko da ya taɓa yin doguwar hira da shi.

Daga nan aikin jagora ke farawa. Ita yarinya ke gaya wa idan ta fara ganin al'ada ba ta san mene ne ba. Ita ake kira ta yi tafinta idan uba ya zo da maganar aurar da 'yarsa ko cire ɗansa a kai shi koyon sana'a. Ita ce kan fara gane cewa ana cin zarafin yaro, domin mai cutar da kurma yana dogara ne da cewa yaron ba shi da wanda zai faɗa wa. Ita ke raka wanda ya kammala sakandare wajen cike takardun JAMB. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a jadawali, kuma babu wanda ake iya miƙawa a cikin fayil.

Wannan ne ya sa hutun irin wannan malama ba ya cika zama hutu. Wayar hannu ta sauƙaƙa wa kurame kiran bidiyo, don haka ɗalibai kan ci gaba da neman ta a WhatsApp tana tsakiyar jego. Maganar hannu kuwa tana buƙatar hannu biyu da ido biyu. Mai ji za ta iya amsa waya tana shayarwa, ita kuwa sai ta ajiye jaririn.

Lissafin ciki da kalandar makaranta

Ciki mako 40 ne, shekarar karatu kuma zango uku ce, kowanne kimanin wata uku. Hutun wata shida zai iya cinye kusan zango biyu, gwargwadon watan da haihuwar ta faɗo.

A ɗauki misalin malamar da ke riƙe da 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare, wadda likita ya ce za ta haihu a watan Maris. Hutunta zai haɗa da lokacin jarabawar WAEC a watannin Mayu da Yuni, da ta NECO da ke biyo baya. Watannin bita, waɗanda ɗaliban suka fi buƙatar ta, su ne daidai watannin da ba ta nan. Wadda za ta haihu a Yuli kuwa, dogon hutun ƙarshen shekara zai rage wa ajinta asara.

Tun kafin hutun ma, cikin na da nasa haƙƙi a kan lokacinta. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awon ciki aƙalla sau takwas: na farko cikin mako 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ranakun awo a asibitocin gwamnati safiyar ranakun aiki ne, kuma duk wadda ta taɓa bin layin awo ta san yini ake yi. Ga tsayuwa gaban aji, domin ba a koyar da kurame daga zaune a bayan tebur. Ga kuɗin Keke daga Mando ko Badarawa, wanda ya hau tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga kayan jariri da hidimar suna, duk a kan albashin da mafi ƙarancinsa a jihar ya koma naira 72,000 a 2024.

Tsallake awo don kada aji ya zauna babu kowa caca ce da rai. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu sanadin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Malamar kurame kuma ta fi kowa sanin abin da sakaci ke haifarwa, domin tana gani a ajinta kullum: ƙyanda, sanƙarau, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, da wasu allurai masu lalata jijiyar ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa.

Idan malamar ita ma kurma ce

Daga cikin masu yi wa yara kurame jagora akwai waɗanda su ma kurame ne, kuma su ne suka fi tasiri, domin yaro na ganin kansa a jikinsu. Wahalar irin wannan malama ninki biyu ce.

A layin awo da baki ake kiran suna, da baki ake yin laccar lafiya. Idan babu tafinta, sai ta zo da miji ko ƙanwa, ta faɗi sirrin jikinta ta hannun wani. A ɗakin haihuwa, inda ungozoma ke ba da umarni cikin gaggawa, rashin fahimtar juna na iya zama hatsari. Bayan an sallame ta, kukan jariri da dare sai da dabara: ta kwanta jikinta na taɓa shi, ko wani a gidan ya riƙa tashin ta.

Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadin hanyar sadarwa ga mara lafiyar da ke da matsalar ji ko magana. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, ta kuma kafa hukumar kula da al'amuran masu buƙata ta musamman. Tambayar da ta dace a yi wa manyan asibitocin da ke arewacin kogi, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Babban Asibitin Kawo da na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ita ce: tafinta nawa ke cikin ma'aikatansu, kuma ko akwai wanda ke kwana a bakin aiki, tun da naƙuda ba ta duba agogo?

Kaduna na da wata dama da sauran jihohi ba su da ita. A nan ne Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1999. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Duk mai jego a birnin, malama ko wadda ba malama ba, na da dalilin neman wannan gwaji.

Wa ke da alhakin cike gurbin?

Alhakin yana kan mai ɗaukar aiki. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a 2010, kuma sashe na 24 nata ya ɗora wa gwamnatoci nauyin ɗaukar malaman da suka ƙware a maganar hannu, har da waɗanda su kansu masu buƙata ta musamman ne. Dokar 2019 ta bai wa yaran damar karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman. Aiwatar da wannan kaso kaɗai a wajen ɗaukar malamai zai shigo da kurame masu shaidar NCE da digiri cikin azuzuwa.

Akwai kuma tushen kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a tsarin rabon hukumar UBEC, kashi 2 cikin 100 na wannan kuɗi na yara masu buƙata ta musamman ne. Kason ƙarami ne, amma kuɗin jama'a ne, kuma jama'a na da damar sanin inda yake shiga.

Kaduna ta riga ta nuna cewa tana iya motsa malamai da yawa idan ta ga dama. A 2017 gwamnatin jihar ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarabawar gwaji, ta sallame su ta ɗauki sababbi. Jihar da ta iya wannan ba za ta gaza tanadar 'yan malaman riƙo masu maganar hannu ba, waɗanda za su riƙa zagaya makarantu irin su makarantar ilimin musamman ta jiha, KASSES, da azuzuwan haɗaka, a kuma yi yarjejeniya da makarantun da ba na gwamnati ba irin ta yara kurame da ke Kawo.

Shirin da za a iya yi tun kafin naƙuda

Haihuwa na cikin abubuwa ƙalilan da ke ba da sanarwar watanni kafin su zo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A ɓangaren malama, sanar da shugaban makaranta a rubuce da zarar cikin ya kai wata uku ko huɗu na ba da kusan zango biyu na shiri. Yana da kyau ta rubuta taƙaitaccen bayani kan kowane yaro: alamar sunansa, irin maganar hannun da ya fi ganewa, da wanda ake nema a gidansu. Za ta iya ɗaukar darussan bita a bidiyon waya tun tana da ƙarfi. Ya kamata kuma ta gaya wa yaran da kanta, ta nuna musu ranar tafiya da ta dawowa a kalanda, domin yaron da ya saba mutane na ɓacewa daga rayuwarsa babu bayani kan ɗauka gudun sa aka yi. Sannan ta shata iyaka: wa za a kira idan matsala ta taso, tun da ita tana jego.

A ɓangaren makaranta, mai riƙon ya shigo aji makonni kafin tafiyarta, su yi aiki tare yara su saba da hannunsa. Aikin jagoran 'yan mata a danƙa shi ga wata mace da aka ambata da suna, kada a bar shi a matsayin na kowa da kowa. Tsofaffin ɗalibai da reshen jiha na Ƙungiyar Kurame ta Najeriya tushe ne na mataimaka da ba a cika waiwaya ba. Idan ta dawo, a sama mata wurin shayarwa da mai riƙe jariri kusa da aji, domin goyo a baya na iya barin hannu, amma ba ya barin hankali.

A gida kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Goyon ciki a gidan iyaye da kwana arba'in na jego tsari ne da al'ada ta yi don mai haihuwa ta huta. Miji da dangi su ne za su tsare mata wannan hutu, har da karɓar wayar idan kiran makaranta ya yi yawa.

Tambayoyin da suka rage ga gwamnati

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da zaman kare kasafin kuɗi a Majalisar Dokokin jiha da ke Lugard Hall hanyoyi ne da matasa da ƙungiyoyi za su iya bi su nemi amsa daga Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB da gwamnatin Uba Sani. Malamai nawa ne masu maganar hannu ke cikin jerin albashin jihar, kuma ɗalibai kurame nawa suke koyarwa? Mata nawa ne a cikinsu suka tafi hutun haihuwa tun 2019, kuma wa ya riƙe azuzuwansu? Nawa jihar ta karɓa daga kason ilimin musamman na UBEC, kuma me aka yi da shi? Kurame nawa aka ɗauka aikin koyarwa tun bayan dokar 2021?

Muddin ba a sanya kuɗin malamin riƙo a cikin kasafi ba, wani ne zai biya kuɗin hutun wata shidan: ko malamar da za ta katse jego ta koma aji, ko yaran da za su yi zango biyu suna kallon allo.